Juyen baƙin mai a ƙofar gida: 5W-30 ko 20W-50 ga Sienna a zafin Kumasi?

Baban Khadija (Aboabo):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu motar iyali da mastocinmu na Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Motata Toyota Sienna ce ta 2006, mai injin 3.3, silinda shida, an shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kwaso kayan shagon uwargida daga Kejetia, in Sallah ta zo kuma ita ke kai mu Tamale. Ina so in riƙa yi mata juyen baƙin mai da hannuna, in riƙa duba ruwan lagireto da man giya da na birki. Ba rowa ba ce, so nake in ga abin da ke shiga injin da idona. Inda na tsaya shi ne, a murfin mai an rubuta 5W-30, amma duk wanda na tambaya sai ya ce wannan man ƙasar sanyi ne, zafinmu sai 20W-50. Wanne zan bi?

Direban Tamale:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, zuba mata mai kauri ka huta. Tun ana yayin Benz 207 a hanyar Techiman da Kintampo mai kauri muke zubawa, injin bai taɓa ba mu kunya ba. Wannan 5W-30 ruwa-ruwa ne. Ka wuce Buipe da tsakar rana a watan Maris da iyali cike da mota, shi ne zai riƙe maka injin? Wanda ya rubuta murfin nan bai san ranar Arewa ba.

Masta Fita (Suame):
Yaya Direba, maganarka gaskiya ce a kan 207, amma Sienna ba 207 ba ce. Wancan injin dizal ne na zamanin da, hanyoyin mai a cikinsa masu faɗi. Injin da ke cikin motar Baban Khadija shi ne 3MZ-FE, yana da tsarin da Toyota ke kira VVT-i, wanda ke sauya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin baƙin mai kansa. Man yana bi ta wasu ƙananan ramuka da wata 'yar raga kafin ya kai wurin. In man ya yi kauri da yawa, da safe sai ya makara kafin ya hau kan injin, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Maganar zafi kuma, mu duba ta da kyau. Lamba ta biyu, wato 30 ko 50, kaurin mai take nunawa, kuma ana auna ta ne lokacin da mai ya kai digiri 100. Zafin Tamale ko ya yi tsanani ya kai arba'in da 'yan kai, bai kama ƙafar zafin cikin injin ba. Injin da lagiretonsa da fankarsa ke lafiya, zafin aikinsa kusan ɗaya ne, a Kumasi yake ko a Kanada. Kuma Amurkan nan tana da hamada, ana tuƙa Sienna a Arizona da 5W-30 ɗin nan.

Ni dai a shagona, in injin ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, abin da ke murfi nake zubawa.

Direban Tamale:
Masta, in injin yana sha fa? Motar 2006 ai ta ga duniya. Wace Sienna ce a Kumasi ba ta shan mai?

Masta Fita (Suame):
To nan ka zo inda muke haɗuwa. In ringi, wato zoben fistin, ya fara gajiya, mota tana rage mai tsakanin juye da juye, nakan hau mataki ɗaya, 5W-40 ko 10W-40. Amma tsalle daga 30 zuwa 50 ba magani ba ne, rufe ciwo ne. Ƙarar za ta lafa, mai motar ya ji daɗi, cin man fetur ya ƙaru, ciwon yana nan yana girma. Baban Khadija, kafin ka sayi komai ka gwada wannan: da safe, motar a wuri mai shimfiɗa, ka zaro gejin mai, ka goge da ƙyalle, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Ka lura da inda man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan. Ka riƙa dubawa duk Juma'a. Ita motar za ta faɗa maka ko tana sha.

Malamin Lissafi (Tafo):
Bari in shigo da wani abu da mutane ke tuntuɓe a kai. Motar da ta fito daga Amurka, agogon tafiyarta mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Littafin Sienna ta wannan shekarar ya ce juye duk mil 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Mil 5,000 kilomita 8,000 ke nan. Na ga mai mota da aka ce masa ya dawo bayan dubu takwas, ya zauna yana jiran agogo ya ƙara dubu takwas, alhali agogon mil yake lissafawa. Kusan kilomita 13,000 ya yi da mai ɗaya. Duk wanda zai rubuta a takarda ya liƙa, ya rubuta ko mil ne ko kilomita.

Ni a ganina ma, da cunkoson Kejetia zuwa Suame da ƙurar hunturu, gara mutum ya riga littafin. Motar da ke tsaye a cunkoso injinta na aiki, agogo kuwa bai motsa ba.

Baban Khadija (Aboabo):
Malam, Allah ya saka da alheri, tawa mil take ƙirgawa. Masta, na ji bayaninku. To ku ba ni tsarin aikin daga farko, da kayan da zan tanada.

Masta Fita (Suame):
Lita 4.7 take ci in ka canza filta, saboda haka galan mai lita biyar ya ishe ka, har da ɗan saura na ciko. Ka tanadi sabuwar filta, sabuwar wosha ta notin ƙasa, sifana mai lamba 14, abin kwance filta, mazurari, da faffaɗan bokiti da zai ɗauki fiye da lita biyar.

Ka tayar da injin ya ɗumama kaɗan, ka kashe. Kada ya yi zafi sosai, don filtar motar nan a gaban injin take, ƙarƙashin bututun hayaƙi, hannunka zai gaya maka. Ka buɗe murfin sama, ka kwance notin ƙasa, ka bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Lokacin mayar da noti, da yatsu za ka fara murzawa har ya zauna, sannan sifana ta ƙarasa. In ka ji ya yi gardama tun farko, ka dawo da shi baya, ya hau karkace ne. Kada ka sa wa sifana bututu don ƙarin ƙarfi. Yawancin motocin da ake kawo mana suna ɗigar mai ta ƙasa, ɗauri ne ya yi yawa har zaren ya lalace.

Ga wurin da nake so ka buɗe ido. In ka cire tsohuwar filta, juya ta ka duba bakinta. Akwai baƙar roba zagayayya. In ba ka gan ta a jikin filtar ba, to ta manne a jikin injin, sai ka sa farce ka ɓamɓaro ta. In ka ɗaura sabuwa a kan tsohuwar roba, za ta yi shiru a ƙofar gida, kana hawa titi ta fesar da man gaba ɗaya. Sabuwar kuma ka shafa wa robarta ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu kawai. In ka gama zubawa, ka tayar, ka ga fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙoƙi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka kashe, ka jira kaɗan, ka sake auna geji.

Ɗan Asawase:
Masta, ku yi haƙuri in ƙara abu ɗaya, ni yaron shago ne har yanzu. Baba, don Allah kada ku shiga ƙarƙashin motar nan tana kan jak kaɗai. Sienna ta kusa tan biyu. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne. Ku sayi ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, ana samunsu a Magazin, ku ja birkin tsayawa, ku sa katako a bayan tayoyin baya. Bulon siminti kada a yarda da shi, yana fashewa ba sanarwa. Kuma a ƙofar gida yara na kai da kawowa, a samu babba ɗaya ya tsaya.

Masta Fita (Suame):
Madalla da yaron kirki. Wannan ya kamata in fara faɗa.

Hajiya Mai Atamfa (Alabar):
Salamu alaikum. Ni ma irin motar nake tuƙawa, kuma ni nake buɗe bonet ɗina duk safiya don maigida yana yawan tafiya. Tambayata a kan ruwa ce. Yaran da ke wanke min mota kullum sai su cika lagireto da ruwan famfo, su ce ai ruwa ruwa ne. Kwanan nan na ga ruwan robar gefe ya koma kalar tsatsa. Wannan kulan ɗin da ake sayarwa a galan, dole ne, ko cin kuɗin mutane ne kawai?

Alhaji Mai Goro:
Hajiya, mu da muka yi safarar goro daga nan zuwa Arewa, ruwan rijiya muka sani. A tsaya a zuba, a wuce. Kuma da mota ta sauka daga jirgi, abu na farko da fita ke yi shi ne ya cire tamostat ya jefar, don an yi shi ne saboda ƙanƙara. Ni har yau haka nake sa a yi wa motocina.

Masta Fita (Suame):
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba zan musa abin da kuka gani da idonku ba. Manyan motocin goro na wancan lokaci injinsu baƙin ƙarfe ne mai kauri, lagiretonsu na tagulla, in ya toshe a kwance a zure a mayar. Injin Sienna kuwa alminiyon ne daga sama har ƙasa, lagireton ma alminiyon da roba, ramukansa sirara. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin ramukan nan, ruwan famfo ma yana kawo tsatsa. Kulan ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana kare famfon ruwa, kuma ya fi ruwa jure zafi kafin ya tafasa.

Hajiya, kalar da kika gani alama ce cewa an daɗe ana cin ƙarfe a ciki. Wani abu kuma game da motar nan: tana da hita ta baya, don haka akwai bututan ruwa da suka bi ta ƙarƙashinta har can baya. Mu nan ba mai kunna hita, shi ya sa ba mai tunawa da su, amma ruwan yana cikinsu. In suka ruɓe, ruwa zai riƙa raguwa, a yi ta nema a gaban injin ba a gani ba.

Na Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, rabi kulan rabi tataccen ruwa, ba a ƙara masa komai. In kin sayi wanda ba a haɗa ba, da tataccen ruwa za a sirka, irin wanda ake ƙara wa batir. A nan ki yi hankali, ki ce tataccen ruwa kike so, kada a miƙo miki mai asid. Kada kuma a cakuɗa kala biyu. A zubar da tsohon, a ɗauraye, a zuba iri ɗaya, a kunna hita ta gaba da ta baya lokacin cikawa, a bar injin ya yi aiki har iska ta fita.

Alhaji Mai Goro:
To tamostat ɗin fa, Masta? Ka tsallake shi.

Masta Fita (Suame):
Ban tsallake ba, Baba, ina neman yadda zan faɗa ne da ladabi. Tamostat ɗin motar nan yana fara buɗewa wajen digiri 82. Aikinsa ya sa injin ya kai zafin aiki da wuri ya kuma tsaya a nan. In an cire shi, da safe da lokacin damina injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda, ya gangara ya sirka baƙin mai. In mota na zafi, mai laifin yana wani wuri: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko murfin lagireto ya saki, ko tamostat ɗin kansa ya maƙale. In shi ne, sabo za a sa.

Alhaji Mai Goro:
Na ji. Motocina dai suna tafiya. Amma maganar fetur ta shige ni, don ƙaramar tana sha fiye da ƙima. Zan sa a duba.

Malamin Lissafi (Tafo):
Hajiya, ƙari biyu. Kada ki bari kowa ya buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ruwan a matse yake, tsiri zai yi ya sami fuska. Na biyu, kulan yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne. A gidan haya mai yara da awaki da kyanwa, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano ko a zuba shi a gorar lemo.

Hajiya Mai Atamfa (Alabar):
Na gode Malam, na gode Masta. Tunda an zo maganar zubarwa, ni ina da ƙorafi a kan masu juye a gida. Ku gama aikinku ku tuttula baƙin man a kwata. Kwatar nan rafin Aboabo da Subin take gangarawa, kuma in ruwan sama ya yi ƙarfi, gidajenmu take dawowa. Baban Khadija, in za ka fara, ka fara da sanin inda za ka kai tsohon man.

Ɗan Asawase:
Gaskiya ne Hajiya. A juye shi a jarka a rufe, a kawo shago, akwai masu zuwa karɓa. Galan ɗin sabon man kuma in ya ƙare, a huda shi da wuƙa kafin a yar. Masu jabun mai galan mai kyau suke nema su cika da abin da suka ga dama su liƙe.

Direban Tamale:
Wannan ita ce maganar da ta fi lamba muhimmanci. Ku yi ta musu a kan 30 da 50, alhali abin da ke cikin galan ɗin ba ko ɗaya ba ne. Ni a gidan mai nake saye, a buɗe hatimin a gabana. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ko kyauta ba na so.

Masta Fita (Suame):
A nan bakinmu ɗaya da Yaya Direba. Ka duba bayan galan ka ga harufan API, alamar matakin ingancin mai, a samu SL ko SM ko SN ko SP. Filta ma akwai jabu. In ka ɗaga ka ji ba nauyi, fentin yana gogewa da yatsa, ajiye ta.

Baban Khadija (Aboabo):
Hajiya, na ɗauki alkawari, jarka zan tanada. Saura giya, Masta. An ce min giyar otomatik ba a taɓa manta, in an canza sai ta fara zamewa. Wani kuma ya ce a kai ta a wanke da inji.

Masta Fita (Suame):
Duka biyun akwai gyara. Taka tana da geji, ka zaro ka karanta, za ka ga T-IV. Shi kaɗai za ka zuba. Jan mai ba duka ɗaya ba ne, kuma Sienna ta baya-bayan nan wani iri take sha mai suna WS, kada mai shago ya ce maka duk tafiyarsu ɗaya. Aunawa kuma ba irin ta baƙin mai ba ce: sai motar ta yi tafiya ta ɗau zafi, injin yana aiki, giya a P, wuri a shimfiɗe.

Ka ɗiga man a farar takarda ka shinshina. Ja ko ja mai duhu, ba ƙauri, to ka kwance notin ƙasa ka tsiyaye. Abin da zai fito bai kai rabin na ciki ba, kuma hakan ya fi wa tsohuwar giya sauƙi. Ka auna abin da ya fito, ka mayar da daidai shi. In ya yi baƙi yana ƙauri, kada ka taɓa, kada kuma a sa mata injin wanki, kawo a duba. Maganar da ake yi cewa canji ke kashe giya daga irin waɗannan ta samo asali: an bari sai da giyar ta riga ta ƙone, sannan aka canza, sabon mai ya ɗauki laifi. In kuwa ka ga man giya ko ƙasan murfin baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada motar ta ƙara motsi.

Man sitiyari a motar nan jan man giya ne irin Dexron, an rubuta a murfin. Na birki DOT 3 ne. In ya ragu kada ka cika kawai ka rufe. Ko takalmin birki ya cinye, ko akwai inda yake yoyo. Yana kuma shan laimar iska, ga daminarmu sau biyu a shekara, don haka kada ka yi amfani da kwalbar da ta daɗe a buɗe, kuma in ya ɗiga a fenti ka wanke nan take. Fitar da iska daga birki kuwa ka bar mana, motar yara ce.

Hajiya Mai Atamfa (Alabar):
Masta, ba ka tsoron ka koya mana mu daina zuwa Suame?

Masta Fita (Suame):
Hajiya, mai motar da ya san gejinsa shi ne abokin cinikin da na fi so. Yana zuwa da wuri, aikin ƙarami, mu rabu da mutunci. Wanda ke zuwa da injin da ya riga ya buga, ko na gyara masa da rigima muke ƙarewa. Akwai aikin ƙofar gida, akwai na shago.

Direban Tamale:
Ni dai bas ɗina tana nan a kan mai kauri, ba kuma zan canza ba. Amma Baban Khadija, tunda taka ta fetur ce ta zamani, bi Masta. Ka kuma riƙa buɗe akwatin filtar iska in hunturu ya shigo, musamman in ka dawo daga Arewa. Ɗaga ta sama ka kalli rana, in haske bai ratsa ba ka canza.

Baban Khadija (Aboabo):
Na gode muku duka. Zan fara da 5W-30, in riƙa duba geji, in na ga tana sha sai in dawo mu yi maganar 40. Kulan kuma zan kawo shago a ɗauraye a karon farko saboda bututan bayan nan.

Masta Fita (Suame):
In za ka zo, duba murfin robar da ke gefen injin ta ɓangaren fasinja, ko akwai takardar da aka liƙa lokacin da aka canza tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Injin 3.3 bel yake amfani da shi, sai daga 2007 mai 3.5 ta zo da sarƙa. Ana canza shi duk mil 90,000, kuma shi ke juya famfon ruwa, don haka tare ake canza su. In ba takarda, ba kuma shaida a littafin motar, mu buɗe mu gani kafin tafiyar Sallah. Kumasi zuwa Tamale ta kusa kilomita 380, kuma in ya tsinke motar a nan take tsayawa. Ka zo da safe kafin shago ya cika.